Ganeko Mai Kafaffiyar Ƙafa

Duk wanda ya girma a Yonabaru, a tsibirin Okinawa, ya san Ganeko Noboru a ɗayan wuri biyu. Ko dai a saman rufin wani, yana tsugune yana jera jan tayil yana liƙe shi da farar ƙasa, ko kuwa a ɗakin katakon da ya gina a bayan gidansa, inda yake koyar da kareti daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, rana ta dafa masa wuya har ya koma kalar tayil ɗin da yake jerawa. Ba shi da yawan magana, in kuwa ya yi ta, ba ya son a dawo masa da ita da gyara.

Yana ɗan shekara huɗu yaƙi ya ci garin. Ubansa ya fita neman ruwa bai dawo ba, uwarsa ta goya shi ta yi ta ɓuya a kogunan dutse har aka daina harbi. Da dankali da ganyen dankali ya tashi. Yana sha biyar aka kai shi wurin wani tsohon mai rufi, Tengan, wanda tun ranar farko ya ce masa: "Ƙafa in ka dasa ta, ta dasu. Ƙafar da ta juya a kan rufi, kabari take nema." A shekararsa ta biyu a aikin, wani abokin aikinsu ya murza ƙafa a kan jiƙaƙƙen tayil don ya amsa kiran da aka yi masa daga ƙasa. Noboru na kusa da shi, har ya taɓa hannun rigarsa. Mutumin bai mutu ba, amma bai sake tafiya ba. Daga ranar maganar Tengan ta zauna masa a ƙashi.

Yana sha tara ya bi jirgin ruwa zuwa birnin Osaka, kamar yawancin sa'o'insa, ya sami aiki a wata masana'antar ƙarfe. Tun a gida ya ɗan taɓa kareti wurin dattawa, waɗanda ba sa ɗaga ƙafa ta wuce ɗamara. A wani ɗakin horo a Osaka ya fara ganin shurin da suke kira mawashi, shurin zagaye. Mutum ya ɗaga gwiwa ta gefe kamar zai tsallake shinge, ƙwauri a naɗe jikin cinya. Sai ƙugu ya juya ya janyo cinya, cinya ta janyo gwiwa, ƙwauri ya warware a ƙarshe kamar bulala, ya sauka a haƙarƙari ko a gefen kai. Ƙafar da ta rage a ƙasa kuwa, kowa a ɗakin yana murza ta a kan tushen yatsu, har diddige ya kusa duban abokin karawa.

Noboru bai murza tasa ba. Ya dasa ta kamar yana kan rufi, ya juya ƙugu, ƙafar dama ta tashi ta wuce kan malamin ɗakin da tazarar tafin hannu. Malamin ya ce ya juya ƙafar ƙasa. Ya ce to, ya sake yi ba tare da ya juya ba, buhun yashi ya lanƙwashe. Malamin ya zagaya shi sau biyu yana kallon ƙugunsa, ya ce, "Kai ɗan Okinawa, ƙashi ne a jikinka ko igiya?" Aka yi dariya, aka ƙyale shi. Shekara takwas ya yi a can, kuma a ƴan gasannin da ya shiga babu wanda ya taɓa share masa ƙafa ya kayar da shi. Masu murza ƙafa, da an taɓa su a tsakiyar juyi sai su zube. Shi kuwa kamar kututture. Ya dawo gida da tabbacin cewa ya gano abin da duk Osaka ba su gano ba.

Ya koma aikin rufi, ya auri Fumi, ƴar mai awarar bakin kasuwa. Shekara guda bayan an canza mana kuɗi daga dala zuwa yen ya buɗe ɗakin horonsa. Shi ya shimfiɗa katakon da hannunsa, kuma ya ƙi goge shi ya yi santsi, don tafin ƙafa ya riƙa kamawa. Kowane ɗalibi in zai koyi mawashi, sai Noboru ya durƙusa ya zagaye masa ƙafar ƙasa da alli. In an gama shurin aka ga ƙafar ta fita daga zanen, tsumagiyar gora ce a ƙwauri.

"Nan ba wurin rawa ba ne," haka yake cewa. "Mai son juyi ya jira bikin ganguna."

Wata rana wani dattijo mai gyaran agogo, Zukeran, wanda ya fi shekara hamsin yana kareti, ya zo ya zauna a bakin ƙofa yana kallo. Da aka tashi ya karɓi shayi daga hannun Fumi, ya kurɓa, ya ce, "Noboru, ƙafar nan taka kyauta ce, ba darasi ba. Kyauta kuwa ba a koyar da ita."

"Abin da jiki ɗaya ya yi, wani jikin zai yi, in bai yi ragwanci ba," in ji Noboru.

"Agogo ma ba duka ake yi wa wani iri ɗaya ba."

"To ai ni ba agogo nake gyarawa ba."

Dattijon ya ƙarasa shayinsa, ya yi wa Fumi godiya, bai sake zuwa ba.

Ɗalibai suka yi ta zuwa, don kuwa ƴan Ganeko suna cin gasa. Wanda ya jure shekara uku a hannunsa ba ya faɗuwa da sauƙi. Sai dai da wuya a ga wanda ya wuce shekara bakwai. Ɗaya bayan ɗaya sai su fara ɗaure gwiwa da tsumma, sai su fara fashi, sai a ji an ce wane ya sami aiki a Naha, babban birnin tsibirin, ba shi da lokaci. In wani ya yi ƙarfin halin cewa gwiwarsa na ciwo, Noboru ya miƙa masa man zafi ya ce, "Ragwanci ne yake neman ƙofar fita. Ka shafa, ka dawo gobe." Shi kansa bai san ciwon gwiwa ba, ko sau ɗaya.

Ƴa ɗaya suka haifa, Ritsuko. Tana shekara shida ya zana mata alli a ƙafa. Ta fito da saurin da shi kansa bai da shi, ga taurin kai irin nasa, ba ta kuka in an tsula mata gora. A ɗakin horo ba ta ce masa Oto, wato baba, sai Sensei, wato Malam, kamar kowa. Tana sha bakwai aka sa ta cikin waɗanda za su kara don wakiltar tsibirin. Wata uku kafin nan gwiwarta ta hagu ke kumbura, tana ɗaure ta a ɓoye ƙarƙashin wando.

Saura mako biyu gasar, da yammacin wata Talata, tana dukan buhu, shi yana ƙirgawa. A na arba'in da wani abu aka ji ƙara kamar an karya busasshen rake. Ta zube a gefe.

"Tashi," in ji shi.

Ta dafa katako ta tashi, fuskarta ta yi fari fat.

"Sake."

Ta dasa ƙafar a cikin zanen, ta ɗaga ta dama, ta juya ƙugu. Gwiwar ta kauce ta inda gwiwa ba ta zuwa. Wannan karon ta yi ihu, har Fumi ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

Aka yi mata aiki a wani asibiti a Naha. Ta fito da ɗingishi, ba mai yawa ba, amma wanda ya sani zai gani. Noboru ya ce ƙaddara ce, kuma da ta gaya masa tun da wuri da an huta. Ta gama makaranta, ta tafi Osaka tana sha tara. Tana zuwa bikin tarbar magabata, wata shekarar ta zo, wata ta aiko da kyauta. In ta zo, hirarta da uwarta take yi. Shi kuma ta tambaye shi lafiya, ta zuba masa shinkafa.

Haka aka yi shekara ashirin.

Yana da sittin da takwas ƙugunsa ya fara. Da fari in ya sauko daga tsani ne, daga baya har sa takalmi sai ya zauna. Ranar da ya kasa ɗaga ƙafa ya hau matakalar farko ta tsani a gaban mai gidan da ya kira shi aiki, ya yarda Fumi ta kai shi asibiti.

Likitan ƙashin matashi ne mai fara'a, daga wani gari can arewa, bai san Yonabaru ba balle Ganeko. Ya ɗora hoton ƙashin a jikin fitila, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kwantar da Noboru, ya kama ƙafarsa yana juya cinyar waje da ciki, yana kiransa Oji, wato kaka.

"Oji, da ciwon nan da komai har nan take zuwa? To da kana saurayi fa?"

"Ina iya ɗora diddigena a ƙeya," in ji Noboru. Ya ji daɗin tambayar, har ya ba shi labarin mawashinsa, da yadda ƙafarsa ta ƙasa ba ta motsi.

Likitan ya yi dariya. "Ai dole. Dubi nan." Ya nuna hoton da biro. "Gaɓar ƙugu kamar turmi da taɓarya take. Kan ƙashin cinya yana zaune a cikin rami yana juyawa. Na yawancin mutane ramin da zurfi, bakinsa yana tare ƙashin in juyi ya yi yawa. Naka ramin kamar faranti yake, da shi aka haife ka. Shi ya sa kake juyawa yadda ka ga dama, shi ya sa kuma yanzu ya cinye. Shekarata goma sha ɗaya a aikin nan, ban taɓa kama ƙafa irin taka ba."

Noboru na kwance yana kallon silin. Can ya ce, "In mai rami mai zurfi ya yi shurin nan, bai juya ƙafar ƙasa ba fa?"

Likitan ya ɗauko wata gwiwar roba daga kan tebur. "Ita gwiwa ƙyaure ce, ta buɗe ta rufe, shi ke nan aikinta. In sama ya juya, ƙugu ya kai iyakarsa, tafin ƙafa kuma ya ƙi bi, juyin ba ya ɓacewa. Dole wani ya sha shi, kuma gwiwa ce a tsakiya." Ya riƙe ƙasan robar da hannu ɗaya, ya murɗa samanta da ɗayan, jijiyoyin robar suka miƙe suka yi fari. "Sau ɗaya ba komai. Sau dubu, guringuntsi ya fara sudewa. Wata rana jijiya ta tsinke. Ai shi ya sa ake koya musu murza ƙafa tun ranar farko. Kai dai Oji ka ci sa'a."

Ya mayar da robar, ya shiga maganar aikin da za a yi da ranar da za a sa. Fumi ce ta amsa duk tambayoyin.

Da suka isa gida Noboru bai shiga ciki ba, ya wuce ɗakin horo. A bango akwai hotunan sabuwar shekara, talatin da shida, kowanne shi a tsakiya, ɗalibai a kewaye. Ya sauko da su ya jera a ƙasa. Fumi ta tsaya a ƙofa.

"Wannan," ya nuna wani dogo a layin baya, "me ya sa ya daina zuwa?"

"An yi masa aiki a ta hagu. Yana ashirin da uku."

"Cewa aka yi ya sami aiki a Naha."

"Ya samu. Bayan ya fito daga asibiti."

Ya nuna wani. Ta ce duka biyun. Ya nuna wata. Ta ce ba a yi mata aiki ba, amma ba ta hawa bene. Fumi ta san kowa, ta san wace ƙafa ce, ta san shekarar. Ashe duk tsawon shekarun nan, ita ce ke dafa awara da garahuni ta bi su asibiti, ta ce Sensei ne ya aiko ta.

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Na faɗa maka sau ɗaya, Oto. Shekarar da Yafuso ya kwanta. Na ce yaran nan gwiwarsu na ƙarewa, ko za ka tambayi wani. Ka ce in na gama koyar da awara in zo in koyar da kareti." Ta gyara ɗankwalin da ke wuyanta. "Ban san ramin ƙugu ba, ban yi karatun likita ba. Ni dai na ga suna shiga da ƙafa biyu suna fita da ɗaya da rabi."

A lokacin ɗalibai tara suka rage masa. Washegari da suka zo ya ɗauki tsumma ya goge duk zanen allin. Ya ce daga yau a murza ƙafar ƙasa. Suka ce ya nuna musu. Ya tsaya, ya ɗaga gwiwa, ya nemi ya murza, ƙafar ta ƙi. Shekara hamsin tana kafe, ba ta san wata hanya ba, ga ƙugu yana sukansa kamar allura. Ya gwada sau uku. A ƙarshen watan ya rubuta wa iyayensu takarda, ya tura su wurin wani malami a garin da ke maƙwabtaka, ya rufe ɗakin.

Sannan ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya ɗauki sanda, ya fara bin tsofaffin ɗalibansa gida-gida.

Yafuso ya fara samu, direban tasi, a inda suke jiran fasinja kusa da kasuwa. Mutum ne mai tumbi da barkwanci, ya haura hamsin. Noboru ya tsaya a gefen motar, ya cire hula, ya sunkuya har ƙasa yadda ƙugu ya bari, ya faɗi abin da likita ya ce, ya ce laifinsa ne.

"Haba Sensei, tashi mana, mutane na kallo, sai a ce na ƙi ba ka canji!" Yafuso ya fito da kyar yana dafa ƙofa. "Wace gwiwa kuma? Wannan ai ta yi min rana. Da ba don ita ba da yanzu ina can ina dakon siminti. Ita ta zaunar da ni a mota mai sanyi. Kuma tana gaya min zuwan ruwa kafin rediyo."

"Ba wasa na zo yi ba, Yafuso."

"Na sani." Dariyar ta ɗan ja baya. Ya kalli titi. "Ɗana ya so in koya masa ƙwallo yana ƙarami. Sai dai in tsaya in jefa masa. Wannan kam ya ɗan dame ni." Ya buɗe ƙofar baya. "Shiga in kai ka gida, shure-shure dai ba ya hana tsufa."

Wasu sun karɓe shi da shayi suka ce ya wuce. Wasu matansu suka fito suka ce ba sa nan, alhali takalmansu na bakin ƙofa. Wata ta saurare shi har ƙarshe ta cikin ƙofa a rabin buɗe, ta ce ta ji, ta rufe.

Wanda ya fi ba shi wuya Kuniyoshi ne, masunci, wanda ya taɓa cin gasar tsibirin sau biyu. Yana gyaran koma a bakin ruwa, ƙafa ɗaya a miƙe don ba ta naɗuwa. Tun kafin Noboru ya gama ya jefar da allurar.

"Wane yaro ne ya faɗa maka wannan shirmen? Likita? Ya taɓa tsayawa a gaban mutum?"

"Na ga hoton da idona."

"To ka ajiye hotonka. Ni abin da na sani, babu wanda ya taɓa kayar da ni. Jikokina sun san kakansu ya ba da gwiwa ya karɓi kofi biyu. Yanzu ka zo ka ce min ba bayarwa na yi ba, kuskure ne aka yi a kaina?" Ya ture komar gefe. "Shekara talatin ina ɗingishi da alfahari, Sensei. Kada ka raba ni da shi, ba ni da wani. Ka koma gida."

Noboru ya koma. Kwana huɗu bai fita ba. Ya zaci in ya faɗi gaskiya nauyin zai ragu, sai ya ga wani wurin ɗora wa mutane ita yake yi.

Saura mutum ɗaya. Fumi ta ce ya kira ta a waya, ya ce ba maganar waya ba ce. Saura kwana goma a yi masa aiki ya hau jirgin sama shi kaɗai.

Ritsuko na da ɗan shagon gyaran tufafi a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, a unguwar da ƴan tsibirinmu suka fi yawa. Ta kusa arba'in, ba ta yi aure ba. Ya same ta da rana tsaka a bayan keken ɗinki, tana rage tsawon wani wando. Ta ɗago ta gan shi da sanda.

"Oka ce ba lafiya?" Uwarta take nufi.

"Lafiyarta ƙalau."

Ta janyo masa kujera. Ya ƙi zama. A tsaye ya faɗa mata komai, turmi da taɓarya, da ƙyaure, da gwiwar roba. Jirgi ya wuce ta samansu, sai da ya dakata ya wuce sannan ya ƙarasa. Ya ce, "Ni na karya miki ƙafa. Ba ƙaddara ba ce."

Ta cire fil daga bakinta ta soke a matashi. "Na sani, Oto."

"Kin sani?"

"Likitan da ya yi min aiki ya gaya min tun ina sha bakwai. Har zane ya yi min a takarda. Ranar da aka sallame ni, muna cin abinci, na miƙa maka takardar. Ka tuna abin da ka yi da ita?"

Ya nemi ranar a kansa, bai same ta ba. Ya tuna asibitin, ya tuna kuɗin mota, ya tuna gasar da aka yi ba ita. Takarda kam babu.

"Ka ɗora kofin shayinka a kai," in ji ta. "Ka ce likitoci ba sa cin abinci sai sun sami wanda za su ɗora wa laifi."

"Ban tuna ba."

"Na san ba ka tuna ba. Ni kuwa har da'irar da kofin ya bari ina gani." Ba ta ɗaga murya ba. "Ƙafar ba ita ta kore ni daga gida ba. Mutane na rayuwa da ƙafa ɗaya ma. Abin da na kasa zama da shi, na faɗi a gabanka, ka ji ƙarar da kunnenka, ka ce in sake. Kuma na sake. Har yau ban san wanda na fi jin haushi ba, kai da ka ce, ko ni da na yi."

Wata mata ta shigo karɓar siket, Ritsuko ta tashi ta ɗauko mata. A nan ya ga tafiyarta da kyau, yadda take jefa kafaɗa gefe kafin ta ɗora nauyi a hagu. Da matar ta fita ta ce, "Ka ci abinci?"

Ta kai shi wani shagon taliya irin ta gida a bayan layi. Ta tsince naman da ke kwanonta ta zuba masa, kamar yadda take yi tana yarinya don ba ta son kitse. A tashar jirgi ta karanta masa allon, ta nuna masa inda zai sauka. Ya ce ko za ta zo lokacin aikin. Ta ce shago ba ya rufuwa a watan nan, ɗinkin ƴan makaranta ya yi yawa.

"Na ji abin da ka zo faɗa," ta ce. "Na gode da ka zo da ƙafarka. Abin da ya wuce haka, kada ka tambaye ni yau."

Aka yi masa aiki a ƙugu ɗaya, bayan shekara aka yi ɗayan. Ya tashi yana tafiya, amma bai sake hawa rufi ba. Ɗakin horon ya ba wata ƙungiyar mata suna ajiye kayan saƙa. Yakan zauna a baranda da safe yana kallon rufin maƙwabta, in ya hango tayil ya tsage ya aika a gaya musu. Ritsuko ta fara kira ran Lahadi. Da uwarta take magana, amma a ƙarshe takan ce a ba shi. Su yi maganar guguwa da tsadar kifi, minti biyu, ta ce ya riƙa shan magani. Bai sake tayar da waccan maganar ba, ita ma haka.

Shekara biyar bayan ya je wurin Ritsuko a Osaka, sanyi ya kama masa ƙirji a watan Fabrairu, ya kwanta kwana tara. Ritsuko ta taso da ta ji ya yi tsanani, jirginta ya sauka ƙarfe biyu na rana, shi kuwa ya cika da hantsi.

Ranar zaman makoki mutane suka cika gidan har tsakar gida. Tsofaffin ɗalibansa sun zo da yawa, har da waɗanda suka ce ba sa nan. Kuniyoshi ya zo da baƙar kwat da ta matse shi, ya tsaya a gaban hoton yana kuka kamar yaro. Da mai addu'a ya zauna ya buɗe littafinsa, aka ce jama'a su durƙusa a kan tabarma, sai aka ga layin ɗalibai na tsaye, suna duban juna. Babu mai iya naɗe ƙafa ya zauna a kan diddige.

Ritsuko ce ta fita. Ita da Yafuso suka je zauren unguwa a tasinsa suka aro kujerun ƙarfe goma sha biyu. Ta jera su a jikin bango, mutane suka zauna, ta duba ta ga har yanzu da saura a tsaye. Mai addu'a ya dakata, ya rufe littafinsa a kan yatsa, aka jira suka koma suka ƙaro bakwai. Ta ƙarshen ita ta zauna a kai, kusa da uwarta, ta miƙe ƙafar hagu a gabanta, sannan aka fara.